Kwana uku a Abha da abokai: yadda zan tsara tafiyar da ni ne

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Jidda ya aiko da tambaya. Su biyar ne, abokan juna, zafin watan Agusta ya ishe su, sun samu hutun kwana uku suna so su haura Abha su sha iska. Yana son ya ji ko mota ta fi ko jirgi, a ina za su sauka, me ya kamata su gani, kuma yaya za su yi da maganar kuɗi.

Ɗan'uwa, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Na daɗe ina kai baƙi wannan yanki, kuma abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu shiga sauran bayani: a Abha dutse da hazo ne ke raba muku lokaci. Wanda ya zauna a Jidda ya jera wurare goma a takarda, ya auna nisansu a waya, ya ce wannan minti 40 ne, wancan awa ɗaya, zai je ya tarar lissafin bai yi aiki ba. Ku ɗauki wuri mai nisa guda ɗaya tak a duk tafiyar, ku je shi da sassafe, sauran lokacin ku bar wa gari.

Abha ce hedikwatar yankin Asir a kudu maso yammacin Saudiyya, tana zaune a kan tsaunukan Sarawat, sama da mita 2,200 daga doron teku. Don ka gane tsayin, Jos da muke cewa garin sanyi tana wajen mita 1,200 ne. Shi ya sa a lokacin da Jidda ke kusantar 40 a ma'aunin zafi ga gumi mai danƙo, Abha da rana tana wasa a wajen 30, da dare kuma ta sauko ƙasa da 20. Ku tafi da rigar sanyi ko da Agusta ne. Yamma da garin kaɗan dutsen ya yanke, ya faɗa ƙasa zuwa kwarin Tihama da gaɓar Bahar Maliya. Iska mai ɗauke da danshin teku tana tasowa daga can ƙasa, ta hau jikin dutsen, ta yi sanyi, ta zama gajimare. Wannan shi ne hazon Abha da mutanen wurin ke kira dabab. Ya bambanta da hazon hunturunmu mai ƙura da busar da leɓe: wannan jiƙa riga yake yi. Yawanci gari kan waye tas, wajen azahar sai ka ga farin abu yana lallaɓowa daga bakin dutse, kafin la'asar ya rufe hanya, wani lokaci da ruwan sama har da ƙanƙara. Yuli da Agusta suna cikin watannin da hakan ya fi yawa.

Maganar mota ko jirgi, ga kwana uku jirgi nake ba ku shawara. Daga Jidda awa ɗaya ne da 'yan mintoci, kuma Saudia da flynas da flyadeal duk suna zuwa. Filin jirgin yana tsakanin Abha da Khamis Mushait, bai fi tafiyar rabin awa zuwa tsakiyar gari ba. Jirgin ƙasa ba ya zuwa can. Ta mota kuwa tafiyar ta haura kilomita 600 idan aka bi gaɓar teku ta Lis da Ƙunfuza, a yanko ta Muhayil, a hau Aƙabar Sha'ar, wato hanyar da ke haurawa kan dutse, awa 7 zuwa 8 ke nan da tsaye-tsayen sallah da cin abinci. Akwai hanyar kan dutse ta Ɗa'if da Baha da Namas da Tanuma, ita ce mafi kyawun kallo a duk ƙasar a ganina, amma ta fi tsawo ta fi cin lokaci, kuma hanya ce ta wanda ke da kwana biyar ko shida. Idan kun kashe yini guda a zuwa, yini guda a dawowa, me ya rage muku? Sai dai idan tikiti ya yi tsadar da ba za ku iya ba, to ku bi gaɓar teku, ku tashi bayan asuba, direbobi biyu aƙalla, ku tabbata kun hau aƙaba da sauran rana. Kada ku yarda da shawarar tashi da daddare bayan an taso daga aiki a gajiye.

Da so samu ne ku sauka daren Laraba, ku samu Alhamis da Juma'a da Asabar. Ku karɓi motar haya tun a filin jirgi, domin ba za ku ji daɗin Asir da tasi ba. Ku biyar, kada ku ɗauki ƙaramar mota don arha. A wannan tsayin iska ba ta da kauri, injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa, ga mutum biyar da jakunkuna, ga hawa. Ku duba taya da birki da abin share gilashi kafin ku sa hannu a takarda, ku ɗauki hoton motar ta kowane gefe. Kowa ya riƙe igamarsa, wato katin izinin zama, a jiki. Idan a cikinku akwai wanda ya zo da bizar Umara, ita ma tana ba shi damar zuwa sauran garuruwan ƙasar, bizar Hajji ce ba ta bayarwa.

Masauki kuma, shigga, wato sashen gida na haya, mai ɗaki biyu da falo da kicin ta fi muku ɗakunan otal. Bazara ita ce kasuwar Abha, mutanen Riyad da Jidda da ƙasashen Gulf duk nan suke kwararowa, kuɗin kwana yana tashi sosai musamman daren Alhamis da Juma'a, don haka ku kama tun da wuri. Kafin ku biya, ku kira ku faɗa musu cewa ku maza biyar ne ba iyali. Wasu gidajen masu iyali kaɗai suke karɓa, kuma ba abin da ya kai baƙin cikin isa ƙofa ƙarfe 12 na dare a ce muku ba wuri. Idan na cikin Abha sun fi ƙarfin aljihu, ku duba Khamis Mushait, sau da yawa ta fi sauƙi, sai dai za ku biya da lokacin shiga da fita.

Yanzu ga wurin nan mai nisa guda ɗaya. Ni Rijal Alma' zan zaɓa muku, kuma ranar Alhamis. Ƙauye ne da ke yamma da Abha kamar kilomita 45 zuwa 50, a can ƙasan dutse, tsohon zango na fatake da mahajjata masu tasowa daga Yaman. Gidajensa benaye ne na dutse, wasu hawa biyar wasu shida har fiye, an jera su a jikin tsauni kamar an ɗora wani a kafaɗar wani, an yi wa bangon ado da farin dutse mai ƙyalli a kewayen tagogi. Mutanen garin da kansu suka mayar da ɗaya daga cikin gidajen gidan tarihi a 1985, kuma a 2021 hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙauyen cikin fitattun ƙauyukan yawon buɗe ido na duniya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin ɗakuna. Kana shiga daga hasken waje, ido ya ɗan washe, sai ka ga bango ya cika da zane tun daga ƙasa har wajen kafaɗa: layi bisa layi na ƙananan dala-dala masu kusurwa uku, ja da rawaya da kore da shuɗi, an zagaye su da baƙin layi a kan farar ƙasa, har matakalar bene ba a bari ba. Sunansa Ƙaɗɗul Asiri, kuma aikin mata ne. Uwar gida ce ke gayyato 'yan'uwa da maƙwabta su taya ta, gwanar cikinsu ta ja layukan, sauran su cike launi. A wurinmu adon bango, irin na tsofaffin gidajen Zariya da Kano, magina maza ne ke yinsa a fuskar gida don mai wucewa ya gani. A Asir mata ne ke yi a cikin ɗaki, don baƙon da aka shigo da shi. UNESCO ta sa shi cikin kundin al'adun duniya a 2017, kuma Fatima Abu Gahas, wadda ta fi shahara da wannan zane, 'yar Rijal Alma' ce. Ku ba ɗakunan nan lokaci. Ku tambayi mai kula da wurin sunayen siffofin, kowace da sunanta.

Wahalar tana hanya. Daga gefen Suda ake gangarawa ta Aƙabar Samma', hanya mai tsananin gangara da kwana a kan kwana. Aƙaba ita ce sunan da suke ba duk hanyar da ta sauko daga kan dutse zuwa Tihama. Wanda ya saba tuƙi a shimfiɗaɗɗun titunan Jidda abin da ƙafarsa za ta yi shi ne ta kwanta a kan birki tun daga sama har ƙasa, kuma wannan ne ke kashe mutane. Birki yana ɗaukar zafi, ya kai inda za ka taka ka ji ya yi laushi, mota ba ta tsaya ba. Na taɓa bin bayan wata mota cike da samari a wannan gangara, fitilar birkinsu ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Tun kafin mu kai rabi warin ƙuna ya fara shigo mana ta taga. Da muka sha wata kwana muka same su a gefe, hayaƙi na tashi daga tayoyin gaba, ɗaya ya ɗauko robar ruwa zai watsa. Na roƙe shi ya bari, domin ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi lanƙwasa shi yake yi. Muka zauna tare da su fiye da rabin awa har ya huce. Direban hannunsa rawa yake yi, ya kasa riƙe kofin shayi. Allah ne ya tsare su. Saboda haka wanda ya fi natsuwa a cikinku shi zai riƙe sitiyari. Ya sa ƙaramar giya tun daga sama, ko motar mai canza giya da kanta ce akwai L ko 2 ko alamar ragi, injin ya riƙe motar, birki kuma a riƙa taɓa shi ana saki. Ba a wuce mota a kwana. Idan hazo ya rufe, a kunna ƙananan fitilu, a rage gudu, kada a tsaya a kan titi sai an samu fili a gefe.

Ku bar Abha wajen ƙarfe 7, ku kira tun ranar Laraba ku ji lokacin buɗe gidan tarihin, ku juyo kafin azahar ko jim kaɗan bayanta. Can ƙasa akwai zafi, ba kamar Abha ba, don haka safiya ta fi daɗin zagayawa. Idan kun ga hadari ya haɗu a kan dutse, kada ku zauna a cikin kwari ko da inda kuke ba a ɗiga ko ɗigo ba. Ruwan da aka yi a sama yana iso ƙasa a matsayin ambaliya cikin ɗan lokaci, da duwatsu da itatuwa. Lambar 'yan kwana-kwana 998 ce, ta motar asibiti 997.

A hanyar za ku ratsa yankin Suda, inda dutse ya kai kusan mita 3,000, cike da itatuwan ar'ar masu duhun ganye. Tun da aka ƙaddamar da babban aikin gine-gine na Soudah Peaks a 2023 ana rufe wasu sassan wurin, haka ma motocin igiya masu ratsa sama a yankin ana buɗewa ana rufewa. Kada ku gina yininku a kan hoton da wani ya ɗauka shekara biyar da suka wuce. Ku tambayi mai masaukinku a daren da kuka sauka, shi ya san abin da ke buɗe a wannan makon. Habala ma, ƙauyen da ke maƙale a jikin dutse wanda a da sai da igiya ake sauka cikinsa, tana ɗaya gefen ne, kudu maso gabas, ku bar ta sai wani zuwan.

Za ku haɗu da gwaggon biri a bakin hanya, garke-garke. Kada ku ba su abinci, hukuma ta hana, kuma ba su da tsoron mutum. Na ga wanda ya sauke gilashi zai ɗauki hoto, babban namijin ya miƙo hannu ya fizge ledar burodi daga cinyarsa kafin ya ƙifta ido. Ku rufe gilashi, ku ɓoye leda.

Juma'a ku bar ta ta zama ranar hutu. Da safe kusan komai a rufe yake, to ku yi asuba ku tafi Mamshal Dabab, doguwar hanyar ƙafa da aka yi a bakin dutse, ku ga Tihama a ƙarƙashinku kafin gajimare ya rufe ta. Bayan an sauko daga masallaci sai hanis. Naman rago ne ko ɗan akuya da ake jerawa a cikin rami mai zafi, a shimfiɗa masa rassan wani tsiro da suke kira marakh, a rufe bakin ramin ruf na wasu awoyi. Idan aka kawo shi a kan shinkafa, ƙashi da kansa yake zamewa, ga ƙanshin hayaƙi da ganyen ya shiga cikin kitsen. Ba shi da yaji irin namu, wanda ba ya iya cin nama sai da yaji ya sako ƙullinsa a jaka. Gidajen hanis masu kyau da wuri suke ƙarewa ranar Juma'a, ku aika mutum ɗaya ya kama muku. Da safe kuma ku nemi arika, wadda ake murza gurasar alkama mai zafi a haɗa da dabino, a kwarara mata man shanu da zuma. Faranti ɗaya ya ishi mutum uku. Da yamma akwai Koren Dutse a tsakiyar gari, da ƙauyen masu zane na Muftaha, da Titin Fanni. Itatuwan jakaranda masu shuɗin fure da kuke gani a hotunan titin nan wajen Afrilu da Mayu suke fure, a Agusta ganye za ku tarar. Ku sani cewa daren Juma'a cunkoson motoci a tsakiyar Abha ba kaɗan ba ne, gara ku ajiye mota wuri ɗaya ku taka.

In kun samu sarari ku leƙa tsohuwar unguwar Basɗa ko Nasab ku dubi ginin ƙasarsu. Bangon laka ne kamar namu, amma sun jera faffaɗan duwatsu sirara layi-layi suna leƙowa daga jikin bangon, kowane layi na kare na ƙasa da shi daga ruwan sama. Suna kiransu ragaf. Matsalar da magininmu ya magance da makuba da indararo, su da wannan suka magance ta.

Asabar da safe Kasuwar Talata. Sunan ne kawai na Talata, ana ci sauran ranaku. Nan za ku samu zumar magarya, wadda suke kira sidir, da turare, da ɗaurin ganyaye masu ƙanshi irin waɗanda mazan Tihama ke naɗawa a ka, da malafa, da tukwane. Mata ne da yawa daga cikin masu sayarwa, kada wanda ya ɗaga waya ya ɗauki hotonsu, doka ma ta hana ɗaukar mutum ba da izininsa ba. Zuma ku ɗanɗana kafin ku saya, ku yi ciniki. Ku mayar da mota da wuri. Dalilin da ya sa ban sa Rijal Alma' a wannan rana ba ke nan: ba a haɗa aƙaba da jirgi a yini ɗaya.

Akwai maganar lafiya da nake so ka yi wa abokanka tun kafin a sayi tikiti. A tsayin Abha wasu kan ji ciwon kai, ko haki idan sun hau bene, ko rashin barci a daren farko. Yawanci yana wucewa da shan ruwa da rage kai-komo. Amma idan a cikinku akwai mai sikila, lallai ya ga likitansa kafin ya tafi, domin ƙarancin iskar shaƙa da sanyi da ƙishirwa suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma ukun duk suna haɗuwa a kan dutse. Cutar tana da yawa a cikinmu, kuma na san samari kan ɓoye ta don kada a ce sun cika raki. Ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a keɓe. Mai asma da mai ciwon zuciya su ma haka, kowa ya riƙo maganinsa. Idan za ku yi girki a shigga, ruwa a can yana tafasa ne a wajen digiri 92 ko 93, shinkafa za ta ɗan ƙara lokaci, wake kuwa ku haƙura da shi.

Saura kuɗi. Ban ga abin da ke ɓata tafiyar abokai kamar wannan ba, kuma ba don wani mugu ne ba, sai don kunya ta hana a yi magana tun farko. Ku yi karo-karo, abin da mutanen nan ke kira gaɗɗa. Tikitin jirgi kowa ya sayi nasa. Kuɗin shigga da hayar mota da mai da abincin da za a ci tare ku haɗa jimilla, ku ƙara kashi 15 ko 20 cikin ɗari saboda abin da ba a zata ba, ku raba biyar, kowa ya tura wa ma'aji kafin a tashi. Ma'aji ya riƙa rubuta duk abin da ya fita a zauren WhatsApp ɗinku a ranar, abin da ya yi saura a mayar wa kowa. Tsaraba da kwaɗayin hanya aljihun mai so. Ku yi magana a fili kan tarar kyamarorin Sahir masu kama laifin tuƙi, domin da sunan wanda ya karɓi mota za ta fito, wani lokaci bayan kun dawo: wanda ke tuƙi lokacin ne zai biya, ko rabawa za a yi? Haka idan wani ya fasa bayan an biya shigga. Sannan albashinku ba ɗaya ba ne. Ku auna tafiyar da aljihun wanda ya fi ƙaramin ƙarfi, in kuma wani yana so ya ɗauke wa ɗan'uwansa wani abu, ya bi ta hannun ma'aji a asirce.

Idan kun ƙare da mota kuka je, kuma zuciya ta raya muku ku rufe tafiyar da Umara, mai dawowa ta gaɓar teku yana ratsa miƙatin Yalamlam, mai bin kan dutse ta Ɗa'if kuma Ƙarnul Manazil ne nasa. Ku sa haramin a jaka tun daga gida, ku ajiye shi inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya duka ba.